Ƙwaro da Masu Share Duniyarsa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Bakina ya faɗi haka ranar Laraba, tara ga wannan wata, lokacin da aka gaya mini ka rasu, amma har yau da nake wannan rubutu zuciyata ba ta iso inda bakina ya kai ba. Ƙwaro, abokina, ba ka yi ko ciwon kai ba, ba ka kwanta jinya ba, ba ka cika shekara arba'in ba. Da safe mun yi waya da kai, kafin azahar aka ce babu kai.

Ina shagon ɗab'in da nake aiki, ina yanka katunan gayyata na wani biki, kiranka ya shigo. Ko sallama ba ka ƙarasa ba ka hau ni da faɗa kan zanen tsutsar da na tura maka. "Mai Zane, wa ya ce ka sa mata haƙora? Ka mai da ta kada! Tsutsar nan ba ta farauta, abin da ya riga ya mutu take ci. Cire mata haƙoran nan." Na ce to, amma sai na gama aikin mutane, tunda tsutsarka ba ta sa ranar biki ba. Ka yi dariyar nan taka mai kama da tari, ka ce za ka sake kira da yamma, an kawo maka kwalaben gwaji. Muka yi sallama.

Ba a jima sosai ba sai ga kiran Yaya, yayarka. Lauya ce, magana ce sana'arta, ban taɓa jin ta rasa abin cewa ba. Ran nan numfashinta kawai nake ji. Da ƙyar ta ce, "Ƙwaro ya rasu." Na ce wane Ƙwaro. Ta ce ƙanenta. Na ce, "Yaya, ba shi ba ne, yanzun nan muka gama waya." Har na cire wayar daga kunne ina dubawa, kamar idan na ga sunanka a sama za ta janye maganarta. Da ta ajiye, na koma kan injin na ci gaba da yanka, na yanka har inda ba a yankawa, na raba sunan ango gida biyu. Abokin aikina ne ya zo ya ɗauke hannuna, ya zaunar da ni kan kwalin takardu, ya tambaye ni abin da ya faru. Na gaya masa.

Daga baya abokan aikinka na ma'aikatar tace ruwa suka ba mu labari. Ka fito daga ɗakin gwaji da tiren kwalabe a hannu, ka gaisa da masinja, ka tsokane shi kan sabon askinsa. A tsakiyar baranda ka tsaya, ka sunkuya ka ajiye tiren a ƙasa a hankali, ko kwalba ɗaya ba ta faɗi ba, sannan ka jingina da bango ka sulale. Likitoci sun ce wata jijiyar jini ce ta fashe a kanka. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Ga wanda bai san ka ba, sunan nan Ƙwaro tun kana firamare ya bi ka, kuma ta fuska biyu ya dace da kai. Ƙwaro ne kai a karatu, sannan ba ka iya wuce ƙwaro a hanya ba tare da ka tsuguna ba. Sau nawa muna tafiya a titi ina zuba magana, in waiwaya in ga ni kaɗai nake, kana can baya a gindin bango kana kallon tururuwa suna jan mataccen ƙadangare? Idan gizo-gizo ya shigo ɗaki ba ka bari a taka shi, kofi kake kifa masa ka fitar da shi waje kana ba shi haƙuri.

A shagon nan muka fara haɗuwa. Ka shigo da babbar takarda a naɗe a hammata, ka ce a buga maka ita da kala. Na warware na ga taswira ce, ga koguna, ga duwatsu, ga garuruwa, kowanne da sunansa. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa, ban gane ko wace ƙasa ce ba, sai na tambaye ka. Ka ce, "Babu ita. Ban gama ginata ba tukuna." Na ɗan matsa baya, na ɗauka ko akwai abin da ke damunka. Amma duwatsun sun tsaya mini a rai, don ka zana su kamar bakin zarto, sai na ɗauki fensir na gyara maka guda a gefen takardar. Ka tsaya kana kallon dutsen nan kamar an ba ka kyautar mota. Can ka ɗago ka ce, "Me kake yi ranar Asabar?"

A lokacin na daɗe da ajiye zane na ƙashin kaina. Aikina bai wuce tambarin shaguna da katin biki ba, kuma na haƙura da hakan. Asabar ɗin nan na je gidanka don ganin ƙwaƙwaf kawai. Shekaru ke nan, ban sake yin alƙawarin Asabar da kowa ba.

Wasan da ka koya mana na zama ne, babu talabijin, babu kwamfuta. Ana kewaye tebur. Mutum ɗaya ne mai jan labari, shi ke riƙe da duniyar, shi ke cewa ga inda kuke, ga abin da kuke gani. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, ya ce ga abin da zan yi. Idan abin mai haɗari ne, kamar tsallake rami ko kai sara, sai a jefa ɗan lido, irin mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita za ta yanke ko an dace. Kai ne mai jan labarinmu. Mu uku ne 'yan wasa. Yaya ta zama 'yar kasuwa mai shegen wayo. Dogo, wanda direban babbar motar haya ne, ya zama jarumi mai gatari. Ni kuma maharbi ne da kibiyarsa ta fi samun itace fiye da abin da ya auna. A teburin cin abincin falonku muke yi, wanda ƙafarsa ɗaya ke lilo sai an tokare ta da kwali. Malama, matarka, ba ta wasa, tana gefe tana duba takardun ɗalibanta, amma babu abin da ke wuce kunnenta.

Ba zan manta ranar da muka gane irin mutumin da muke zaune da shi ba. Mun yi watanni muna bin wani ƙato da ya addabi wani kwari a labarin, tsayinsa ya kai na bene. A ƙarshe Dogo ya jefa ɗan lido ya dace, ƙaton ya faɗi. Dogo ya miƙe da ihu har ya kifar da shayinsa. Muka ce to, mu je gari mu karɓi tukuici. Ka naɗe hannu ka ce, "To, gawar fa?"

Muka ce wace gawa.

"Kun kayar da abu mai girman bene a bakin kogin da gari ke sha. Wa zai kwashe shi?"

Dogo ya ce, "Haba Ƙwaro, wasa fa muke. A wasa in ka kashe abu ɓacewa yake."

Ka ce, "A wasan wasu."

Daga nan ka sa muka zauna a kan tudu muka kalli abin da ke zuwa wa gawar ƙato. Da farko wasu ƙwari masu faɗin tafin hannu, waɗanda ka sa wa suna 'yan share-fage, suka sauko daga itatuwa suka buɗe fatar. Bayan su wani naman kaza ya tsiro a jikin, mai haske kore kamar fitila, har mutanen ƙauye ke tsinka suna ratayawa a ƙofar gida. Da nama ya ƙare sai tsutsar ƙashi ta fito daga ƙasa, doguwa kamar igiyar rijiya, ta shiga ƙasusuwan ta cinye ɓargo ta bar su a rarake, shi ya sa a duniyarka talakawa ke zama cikin haƙarƙarin ƙattai. Takobinsa ma ba ka bar shi ba. Akwai ci-tsatsa, wasu ƙananan dodon-koɗi da ke lasar ƙarfe har ya ƙare, su bar jar ƙasa a bayansu. Akwai kuma wata gansakuka da ke shanye ragowar tsafi a inda matsafa suka yi faɗa, don kada makiyayi ya taka ya zama wani abu. Muka saki baki. Yaya ta ce, "Kai yanzu duk makon nan abin da ka zauna kana tunani ke nan?" Ka ce ai makonni ne.

Kullum kana cewa duk mai gina duniyar ƙage da sarakuna da dodanni da takubba yake farawa, ya manta da masu shara, alhali in babu su, ba za a daɗe ba jarumansa za su riƙa tafiya a kan gawawwaki. Kuma ba ka taɓa yarda a ce ka halicci waɗannan abubuwa ba. In wani ya faɗa sai ka yi saurin tare shi. "Halitta ta Allah ce. Ni kwaikwayo nake, kuma ko kwaikwayon ban iya ba."

Ban fahimci wannan magana ba sai ranar da na kasa zana maka wata daga cikinsu, ka ce in same ka a wurin aiki. Ka ratsa da ni ta gefen manyan tafkunan nan zagayayyu inda ake tara ruwan datti, ina toshe hanci kana mini dariya. Muka shiga ɗakin gwajinka, farin ɗaki mai warin sinadari, kwalabe jere a kan kanta kowace da alamarta. Ka ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan ƙasa-ƙasa a kan gilashi, ka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ka ce in leƙa. Na leƙa na ga gari guda. Wasu na iyo, wasu na juyi, ga wata kamar ƙararrawa a kan tsinke, tana miƙewa tana tsukewa. Ka ce, "Waɗannan su ne ma'aikatan gaske a nan, su ke cinye dattin. Mu farin kaya kawai muke sawa." Na fi awa ina zane a kan kujerarka. Tun ranar hannuna ya dawo mini, kuma kai ne sanadi.

A gida ma haka ka addabi Malama. Barandar ɗakinku cike take da kwalabe, wannan da burodi mai funfuna, wancan da ɓawon lemo da ya yi gashi. Takan ce ita kaɗai ce macen da ke neman izini kafin ta zubar da ruɓaɓɓen abu. Amma na sha ganin ta matsar da kwalaben nan cikin inuwa idan rana ta juyo, ba tare da ka sani ba.

Ka taɓa horar da mu a wasan, horon da har yau muke jin kunyarsa. Mun isa wani birni, hakiminsa ya ɗauke mu aikin kashe tsutsotsin ƙashi, wai suna da ƙyama kuma suna tsorata fatake. Yaya ta yi ciniki mai kyau, muka bi ramukansu muka ƙone su tas, aka yi mana kiɗa muka wuce. Sai bayan wani lokaci labari ya sake biyo da mu ta birnin. Ganyen da ya zuba bai ruɓe ba, ya taru har ya kai taga. Dabbobin da suka mutu suna kwance yadda suka faɗi. Gonaki sun daina bayarwa, mutane na ɗaure kaya suna barin gari. Yaya ta bugi tebur ta ce ba ka gargaɗe mu ba, wannan zalunci ne. Ka ce, "Tsohuwar nan mai itace a ƙofar gari ta gaya muku, kuka ce ta cika surutu." Malama ta ce daga inda take, ba tare da ta ɗago daga takardunta ba, "Ta faɗa, ni shaida ce." Sai da muka ƙetare duwatsu muka nemo ƙwan tsutsar a wata ƙasa, muka dawo da shi cikin tulu, jarumin Dogo da ƙaton gatarinsa yana rungume da tulun kamar jariri don kada ya sha sanyi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba wannan ba ne. Abin da ka yi wa Dogo ne, kuma shi da kansa ya ce in rubuta.

Shekaru biyu da suka wuce tayar motarsa ta fashe a kan hanya. Ya yi ƙoƙari ya kauce wa jama'a, fasinjojinsa duka suka tsira, shi kuma aka yanke masa ƙafar hagu daga gwiwa. Da aka sallame shi ya shige ɗakinsa a saman bene ya daina magana. Mutumin da in ya yi dariya ana ji daga bakin titi, sai ga shi kwance yana kallon bango. 'Yan'uwansa suka yi, abokan tasha suka yi, ya ƙi kowa. Kai kuwa ka naɗe taswirarka, ka ce daga yau wasa ya koma ɗakin Dogo.

Muka je, muka shimfiɗa taswirar a kan tire a gefen gadonsa. Bai juyo ba. Ka fara jan labari kamar babu abin da ya faru. Asabar ta farko haka muka yi muka tashi, ta biyu ma haka. Ni har na fara jin nauyi, na ce maka ko mu ƙyale shi. Ka ce a'a. Sai ka shiga yin kuskure da gangan a kan jaruminsa, ka ce gajere ne, ka ce yana tsoron ruwa. Can ka ce ya zaro ɗan gatarinsa da hannu ɗaya. Sai muka ji murya daga bango, a dishe, "Gatarina hannu biyu ake riƙe shi." Ka ce, ba tare da ka kalle shi ba, "To zo ka riƙe abinka mana." Ya juyo. Yaya ta tashi ta fita wai za ta ɗebo ruwa, alhali ga ruwa nan a gabanta.

Da a nan abin ya tsaya da kowa ya ce ka kyauta. Amma bayan 'yan makonni jarumin Dogo ya shiga wani faɗa, ɗan lido ya juya masa baya, lamba mafi ƙanƙanta ta fito a lokacin da ba a so. Bisa ƙa'idar da muke bi, jarumin ya mutu. Ni da Yaya muna ta yi maka alama da ido ka kau da kai, ka ce sumewa ya yi. Fuskarka ta canza, sannan ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru.

Dogo ya ce, "Dawo da shi."

Ka ce, "Ba zan iya ba, Dogo. A duniyar nan wanda ya mutu ya mutu. Tada matacce ba namu ba ne, ko a wasa."

"An cire mini ƙafa, kai kuma ka zo ka cire mini wannan?" Ya ture tiren, taswira ta yi gefe. "Ku fita mini daga ɗaki."

A kan matakala Yaya ta wanke ka tas, irin faɗan da yaya kaɗai ke iya yi wa ƙane. Ta ce ba ka da tausayi, ka fifita ƙa'idar wasa a kan ɗan'adam. Ka bari ta gama, sannan ka ce, "Yaya, in na yi masa ƙarya a nan zai gane tausayinsa nake ji, kuma babu abin da ya tsana yanzu kamar wannan. Kowa lallaɓa shi yake kamar ƙwai. Wurin nan kaɗai ya rage inda ake ɗaukarsa cikakken mutum." Na san ba ka da tabbacin ka yi daidai, kuma na san kana tsoron ka rasa shi gaba ɗaya.

Kullum in ka tashi daga aiki sai ka biya. Ka ƙwanƙwasa, ya ƙi buɗewa, ka zauna a kan matakala da jakarka a cinya har maƙwabta suka saba da kai suna ba ka kujera. Ranar da ya buɗe, ba haƙuri ka ba shi ba. Cewa ka yi kana da aikin da babu mai iya shi sai direba. A duniyarka akwai kunkurun juji, manyan kunkuraye masu girman ɗaki, waɗanda ke ɗauke da naman kazan nan da tsutsotsi da ci-tsatsa a bayansu, suna kai su daga fagen yaƙi zuwa fagen yaƙi. Suna buƙatar makiyayi, kuma makiyayinsu ba ya tafiya a ƙasa, a kan babban cikinsu yake zama yana juya garken. Dogo ya ce, "Daga jarumi ka mai da ni mai kwasar shara?" Ka ce, "Mai kwasar shara da ya fi kowa babbar mota."

Ya karɓa. Kuma shi da kansa, ba kai ba, ya ce wurin da zai fara kai garkensa shi ne inda jaruminsa ya faɗi. Muna zaune ya ba da labarin yadda ya sauko, ya ɗauki gatarin nan, ya daɗe yana riƙe da shi, sannan ya ajiye wa ci-tsatsa. Yana faɗa hawaye na bin gemunsa, babu wanda ya ce masa ya yi shiru. A makon ne ya ce ka kai shi a gwada masa ƙafar roba, abin da ya yi ta ƙi tun a asibiti. Kai ka riƙa kai shi kana dawo da shi, ka saɓa shi a kafaɗa ku sauko benen nan, kai ɗan siriri, shi ƙato, kuna zagin juna har ƙasa. Yau Dogo ne ke tsara tashin motoci a tasha, yana tsaye da ƙafafunsa.

Wani zai zaci mutanen da suka shafe shekaru suna hirar gawa da ruɓewa kowace Asabar sun shirya wa mutuwa. Wallahi ba mu shirya ba. Babu abin da ya amfane mu a ciki ranar Laraba. Na iso gidanka na ga takalmanka na gida a bakin ƙofa, na tsaya na kasa tsallake su. Kowa a falon yana magana ƙasa-ƙasa kamar barci kake. Wani abokin aikinka ya kawo farar rigarka da makullanka a cikin leda, ya rasa wanda zai miƙa wa. Malama ta karɓa, idonta a bushe, ta tambaye shi ko ka samu ka ci abincin da ta zuba maka da safe. A maƙabarta Dogo ya ƙi zama, ya ƙi a riƙe shi, yana ta maimaita mini magana ɗaya, "Jiya fa ya biyo ta tasha. Jiya fa." Ni kuwa har aka gama ina jin kamar kuskure ne aka yi, za a gano a gyara.

Da jama'a suka ɗan ragu, Mama, mahaifiyarka, ta aiko a kira mu mu uku. Mun san ra'ayinta a kanmu. Ta sha cewa manya da gemu mun zauna muna wasan yara. Muka shiga muka durƙusa, muka yi mata gaisuwa. Ta amsa tana jan carbi. Can ta ce, "Kun buɗe ƙofar?"

Muka dubi juna. Yaya ta ce, "Wace ƙofa, Mama?"

"Wadda ke ƙarƙashin tafkin da ya ƙafe."

A nan muka tsaya a wasan Asabar ɗin ƙarshe. Mun bi garken Dogo mun gangara cikin wani tafki da ya ƙafe, mun tarar da wata ƙofar dutse a tsakiyarsa, ka naɗe taswira ka ce sai mako mai zuwa, muna roƙo kana dariya. Ban da mu da Malama babu wanda ya san wannan.

Mama ta ce ai kowace Juma'a in ka tashi daga aiki sai ka kira ta, ka ba ta labarin abin da ka shirya mana, don ka ji ko zai yi daɗi. "In ya ji na yi hamma sai ya canza. In na ce kai, wannan ƙarya ta yi yawa, sai ya rage."

Yaya, wadda gida ɗaya suke zaune da ita, ta ce, "Mama, kina nufin duk shekarun nan kin san abin da zai same mu?"

"Na san gadar nan ta cikin wasan za ta karye da ku tun kafin ku hau. Ina kallonki kina shiri ranar, na ce Allah sarki."

Dariya ta kuɓuce wa Yaya, ta juye ta zama kuka, ta kifa kai a cinyar Mama. Mama ta dafa ta, ta dube ni, ta dubi Dogo. Ta ce, "Na san abin da ke bayan ƙofar. Ya gaya mini duka. In kuna so in faɗa muku."

Ina so in ji, kuma ina tsoron in ji, don daga wannan labarin naka babu wani. Dogo ne ya amsa. Ya ce, "Mama, ba yau ba."

Ta gyaɗa kai. "To. Yana nan a wurina. Amma kada ku daɗe, ni ma ba yarinya ba ce."

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo gare Ka ba tare da mun yi bankwana da shi ba. Mun shaida yana tsayar da sallarsa, yana girmama mahaifiyarsa, bai raina ko mafi ƙanƙantar abin da Ka halitta ba, kuma bai gudu ya bar abokinsa a lokacin tsanani ba. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, Allah Ya ba ki ladan haƙuri, Ya ƙara miki lafiya. Ga Malama da yaranku biyu, Allah Ya zama gatanku, Ya raya su bisa halin mahaifinsu. Ga Yaya da sauran dangi, da abokan aikinsa da suka ɗauke shi a hannunsu, da Dogo, Allah Ya sanyaya mana zukata baki ɗaya. Mu kuma da muka saura, Allah Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Allah Ya jiƙan ka, Ƙwaro. Amin.